Tafin Hannu Waƙata Ce

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau na ga Marwan a waya. Ina warsha, shagon gyarana, ina kwance wani mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ya daina sanyi, mai shi ya miƙo min wayarsa wai ko na san wannan, an ce ɗan unguwar Rusaifa ne, nan Makka. Na san shi mana. Shekara goma sha biyar rabona da shi, amma wannan hancin ko cikin dubu zan fitar da shi. Yana zaune a kujera mai laushi a wani shirin hira na intanet, wata Nadiya 'yar Jidda tana masa tambayoyi. Ya sa rigar fata baƙa an jera mata ƙusoshi a kafaɗa. Rigar fata, a zafin Jidda!

Ta ce wa ya fara kiɗan punk a Makka. Ya yi murmushi ya ce, "Ana." Wai shi. Ta ce shi kaɗai? Ya ce da wasu abokai, bai tuna sunayensu ba. Sannan ya ɗauki jita ya rera Tafin Hannu da Larabci, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Tafin Hannu waƙata ce. Ni Hafizu na yi ta.

Na mayar wa mutumin wayarsa na ce ban san shi ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda abin yake, kada wata rana ni ma in ce na manta.

Na zo Umara a 2000 na ƙi komawa. Daga Gwammaja, aji huɗu na sakandare na bari. Ba wanda ya koya min gyaran komai, kallo na yi na iya. Bayan kowane aikin Hajji muna samun aikin shara a Arfa, masu tantuna su watsar da lasifikun da suka mutu da wayoyi da batura, ni in kwashe. Da su na haɗa na'urar da ke ƙara wa jita ƙara. Ba ta da kyan gani, a cikin akwatin dabino na sa ta, amma in ta yi kuka sai ka ji a haƙoranka.

Wani ɗan Jawa mai wankin bas a Muzdalifa ne ya ba ni kaset marar suna. Ihu, da gudu, kowace waƙa ba ta kai minti biyu ba. Na ce mene ne wannan? Da gurɓataccen Larabcinsa ya ce, "Punk. Ba ka iya ba, yi. Ba su ba ka izini ba, yi." Iyakar karatun da na yi a kansa ke nan, kuma ya ishe ni.

Mu uku ne, muka sa wa kanmu suna Bola tunda daga nan kayanmu suka fito. Ni jita da waƙa. Ɗanjuma ganguna, wato jarkokin ruwa da farantan shinkafa guda biyu. Marwan ya riƙe jita mai kaurin murya, ni na nuna masa inda zai sa yatsa. Me ya kawo? Mota. Mota da katin ɗan ƙasa da ya gada wurin ubansa.

Ɗanjuma ya ce shi ba zai buga komai cikin iyakar Harami ba, don haka duk Alhamis sai mu loda kaya mu fita can wajen Arfa, inda ba kowa in ba lokacin Hajji ba, daga la'asar zuwa kiran magariba. Ba dandamali, mai kiɗa da mai sauraro ƙasa ɗaya suke takawa. Mutum ashirin, wata rana talatin, Takaru da Jawawa da 'yan Barma, rabinsu ba iƙama, wato takardar zama. Shi ya sa na kafa doka: ba suna, ba fuska. Kowa ya naɗe kansa da fuskarsa da shimagi, ƙyallen kan Larabawa. Ni na kafa ta, shi ya sa ma yau ba inda aka rubuta sunana.

Ka ce in nuna takarda,
ga tafin hannuna, karanta.

Mutumin da aka haifa da kati a aljihu ne zai yi wannan? Wa ya taɓa tsayar da shi?

Laraba, 9 ga Oktoba

Khalida matata ta ce kwana uku ke nan ina magana ni kaɗai a banɗaki. Na ba ta labari. Ta ce, "Abu Rumaisa, waƙar da ka ɓoye wa babana har ya rasu, ita kake wa wannan kumburin?" Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ta dai gane shekarata arba'in da biyu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan masallaci na kalli hirar daga farko har ƙarshe, sau uku. Wai punk salo ne, 'yanci ne na mutum ya zama kansa. Kalaman da ake bugawa a jikin kwalbar turare. Zai yi wasa a Jidda ran 25 ga wata, a zaure, da fitilu, da dandamali, da mai gadi a ƙofa. Wanda ya yi dako ya gaji, wanda aka yi waƙar dominsa, ko ƙofar ba za a bar shi ya leƙa ba.

Ni na san abin da punk yake. Ka tsinci abin da aka yar ka sa shi ya yi magana. Yatsa uku a kan jita sun isa. In ba ka iya ba ka koya a gaban mutane, su yi maka dariya, ka ci gaba. Ba ka jiran kowa ya ce ka isa. Haka na yi waƙa, haka na yi warshar nan, ba wanda ya ɗaga ni.

Zan kunyata shi kafin ran 25. Ina da abin yi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na samo shi. Katin memorin waya ɗan ƙarami, cikin gwangwanin da nake ajiye tsohon fasfo. Rana ɗaya tak a 2007 da zafi ya sa muka kwance shimagi, wani ya ɗauka da waya, na karɓe katin na ce zan karya. Ban karya ba.

Minti uku ne. Ɗanjuma ya matso da fuskarsa har ta cika hoton, yana haki yana dariya: "Wannan da za ku ji, Hafizu Injiniya ne ya yi ta jiya. Ni Ɗanjuma na shaida, ni da ba ni da takarda ko ta naɗe tsire!" A baya ga Marwan ya sunkuyo yana tambayata, "Fen? A ina zan danna?"

Na kalla har batir ya ƙare. Alhamdu lillahi da ban karya ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je wurin Ɗanjuma a kasuwar kayan miya da azahar. Har yanzu dako yake. Ni na gyara zamana a 2013 da hukuma ta buɗe ƙofar gyara takardu, don ina da fasfo. Shi a nan aka haife shi, iyayensa ta Sudan suka shigo a ƙafa, ba fasfon da zai gyara, ba ƙasar da za ta ce nata ne. 'Ya'ya huɗu.

Na nuna masa hirar. Na zaci zai tashi ya yi ashar. Dariya ya yi har ya zauna a kan buhun albasa. "Ya yi ƙiba! Injiniya, rigar nan ba ta dafa shi?"

Na ce ka ji ya ce bai tuna sunanmu ba? Ya ce, "Allah ya ƙara masa mantuwa." Wai makon jiya jawazat, jami'an shige da fice, sun zo kasuwar sun kwashi mutum biyu, ɗaya da tumatir a ka, yanzu suna tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, suna jiran jirgi. Na ce to in da akwai hujja fa, cewa mu ne? Ya ce hujjar me, kotu za ni? Sai aka kira shi ɗaukar kaya.

Ban gaya masa zancen katin ba. Tsoro ya cinye shi. Da ba haka yake ba, mutumin da ke dukan faranti har ya lotsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tun safe nake ƙoƙarin yanke Ɗanjuma daga bidiyon. In na cire shi ba abin da ya rage, mutum biyu ne kawai suna hayaniya a fili. Shi ne shaidar. Na gwada dusashe fuskar, sai ya zama kamar abin da aka haɗa jiya.

Shekara goma sha bakwai. Lokacin yana da suma, yanzu kansa kamar ƙwarya. Wa zai gane shi?

Na saka bayan la'asar, a ƙarƙashin hirar, na rubuta: ga wanda ya fara.

Daga baya. Khalida ta shigo warsha da mayafi a karkace, abin da ba ta taɓa yi ba. "Cire. Cire yanzu. Ka ji abin da bawan Allah nan ya faɗa da bakinsa?" Mun yi ta yi a gaban mutane. Na cire don ta yi shiru. Minti hamsin ya yi, mutum ɗari uku da arba'in suka gani. Kafin in cire na karanta abin da ake rubutawa a kan Marwan: harami, ɓarawon waƙa, "a ina zan danna" da fuskokin dariya rututu. Na ci abinci har na ƙara.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ashe wasu sun sauke sun sake sakawa. Na ƙirga goma sha ɗaya.

Shatu matar Ɗanjuma ta kira Khalida. Wai da asuba ya shiga kasuwa, wani mai lemo ya ɗaga waya yana kiransa mawaƙi da Larabci, "ya fannan, ya fannan, mai takardar tsire!" Tsagar nan ta gefen idonsa ce ta tona shi. Na manta da ita. Ya ajiye kayan da ya ɗauko ya koma gida ta lungu, ko Juma'a bai fita ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Laifin Marwan ne. Da ya faɗi sunana da duk wannan bai faru ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Nadiya ta rubuto min. Ustaz Hafiz, in ji ta. Ta ajiye bidiyon. Za ta yi shiri na musamman ran Alhamis, jajiberin wasan Marwan, a kan waɗanda suka fara da gaske. Sunana a saman shirin. Ta ce in zo da akwatin dabinon in yana nan. Yana nan.

Na ce a bar mai gangar. Ta ce ai shi ne zuciyar labarin, mutumin da aka haifa a Makka ba shi da takarda yana kiɗa da jarka, duniya za ta so ta gan shi. In ba zai zo ba za ta nuna bidiyon yadda yake. Masu kallonta sun fi dubu ɗari biyu.

Na ce zan yi tunani. Na fito da farar jallabiyata ta Idi na duba, tana nan lafiya. Ba zan sa rigar fata ba dai.

Talata, 22 ga Oktoba

Na je gidan Ɗanjuma da hantsi don in gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Na tarar da wata farar mota a bakin lungun. Na shiga, ga Marwan zaune a ƙasa cikin tob, jallabiyarsu, ba rigar fata, yana ɗaure wata jaka. Daga Jidda ya taso zai kai Ɗanjuma gidan mahaifiyarsa, ta shi Marwan, ya kwana biyu har ƙura ta lafa.

Na yi sallama, Shatu ta amsa daga ciki ba ta fito ba. Ba a kawo shayi ba.

Marwan ya miƙe. "Inta majnun? Kai mahaukaci?" Hausarsa har yanzu wadda ya tsinta a kicin ce, rabi da rabi. Na ce ɓarawo ba ya min ihu. Na ce kai ne ba ka tuna sunana ba, ni da na koya maka riƙe jita. Ya ce, "Dokarka ce, ya himar, jaki! Ba suna, ba fuska. In na ce Hafiz sai su ce wa kuma, sai su zo nan!" Ya nuna Ɗanjuma.

Na ce dokata ce ta ce ka ce "ana"? Dokata ce ta ce ka hau dandamali da waƙata?

Ya ce wannan kam ya yi masa daɗi da ya faɗa, ba zai yi ƙarya ba. Ko kunya. Na so in mare shi, wallahi hannuna har ya tashi.

Duk wannan Ɗanjuma yana zaune yana sa takalmi. Bai dube ni ba. Da ya gama ya ce, kuma ba zan manta ba, "Hafizu." Ba Injiniya ba. "Ni har yau ban san me ake nufi da punk ɗin nan ba, ku kuka sani. Abin da na sani, duk Alhamis ina kwance a ƙasan mota an jibga min jarkoki, in mun zo shingen bincike wannan ya yi ta zuba wa askari surutun ƙwallo har ya gaji ya ce mu wuce, kai kuma ƙafarka tana kan bayana kana danna ni kada in yi tari. Na zaci shi ne abin. Kiɗan ai ba mu iya ba."

Na ce mun iya mana.

A bakin mota Marwan ya ce ya roƙi Nadiya sau uku kada ta nuna, ta ce don ya rufa wa kansa asiri ne. Ba za ta saurari wanda ake tuhuma ba. Sai dai in mai ƙarar ne ya janye ya ce ba gaskiya ba ne, sannan ba ta da labari.

Ɗanjuma ya shiga baya ya kwanta da kansa, ba wanda ya ce ya kwanta. Mutum mai shekara arba'in da bakwai. Ƙaramar 'yarsa tana leƙe ta taga.

Laraba, 23 ga Oktoba

Wato in je da bakina in ce waƙar tasa ce. Ya ci riba sau biyu ke nan, ya ɗauki waƙa, ya zama kuma mai ceto da farar mota. Allah ya isa.

Na yi tunanin in je Jidda ran Juma'a in tsinke masa wayar lasifika ana tsakiyar wasa. Na san wadda zan taɓa, ba mai ganowa sai an kwana. Na yi tunanin in tsaya a ƙofar zauren da akwatin dabino in yi ta yadda ake yin ta, da gudu, da ihu, minti ɗaya da rabi, su ji bambanci.

Na ƙona kwamfaresar mukayyif ɗin wani mutum yau. Shekara ashirin ban taɓa ba.

Khalida ta kai wa Shatu abinci ta dawo ta ajiye kwanon a gabana ba a taɓa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na kira Nadiya da safe. Na ce bidiyon wasa ne na abokai, mai gangar zolayata yake, yana da takardunsa, kuma ya koma Sudan tuntuni. Na ce waƙar ta Marwan ce. Ta ce to me ya sa na saka? Na ce hassada. Ta ce in haka ne in rubuta a fili, don ba za ta soke shiri a kan maganar waya ba. Na rubuta da Larabci, Khalida ta gyara min kuskure biyu. Layi huɗu. Na yi istigfari, ƙarya uku ce a ciki, ta huɗun, zancen hassada, ban sani ba.

Ta soke.

Yanzu ni ake zagi. Kazzab, wato maƙaryaci, mahassadi, tsohon mai gyaran mukayyif yana neman suna. Wani kwastoma ya karanta min ɗaya da ƙarfi yana dariya, bai san ni ba ne. Na ce masa ai irinsu suna da yawa.

Ban yafe wa Marwan ba, kada wanda ya tsinci littafin nan ya zaci haka. Gobe zai hau dandamali ya lallashi waƙata a tafa masa. Bai ma san baiti na biyu daidai ba.

Katin na sa shi a bakin filaya. Ya fi yadda na zata tauri.

Mutum goma sha ɗayan nan na bi su ɗaya bayan ɗaya tun azahar. Tara sun cire. Ɗaya bai amsa ba tukuna. Na ƙarshen wani ne a Ɗa'if, ya ce sai na kira shi na roƙe shi da murya, yana so ya ji yadda maƙaryaci ke magana. Ni da ko kafil, ubangidan da iƙamata ke hannunsa, ban taɓa roƙo ba.

Na rubuta lambar a bangon littafin nan. In na idar da la'asar.